Hof ɗin Lambuna da Giyar Celebration: Kundin Aikin 2024

24 ga Maris, 2024

Hof, shukar nan mai hawa igiya da ake sa furenta a giya don ɗaci da ƙamshi, ya farka. Tushe biyun da na dasa bara a gindin katangar kudu sun huda ƙasa, kawunansu jajaye masu ratsin shunayya, kowane tushe da 'ya'ya fiye da goma. Dukansu irin Cascade ne. Bara ban samu abin kirki ba, kuma haka shukar take: shekarar farko ƙarfinta duk a saiwa yake tafiya. Bana nake sa rai.

Ga dalilin wannan aiki. Akwai giya guda da nake jira duk ƙarshen shekara, sunanta Celebration, ta kamfanin Sierra Nevada da ke garin Chico a Kalifoniya. Tun 1981 suke dafa ta, sau ɗaya a shekara, da sabon hof ɗin da aka girbe a kakar. Na daɗe ina shanta ina jin daɗinta, amma in aka tsare ni aka ce in faɗi abin da ke burge ni a cikinta, sai dai in ce tana da ƙamshi tana da ɗaci. Wannan amsa ba ta ishe ni ba. Ina so in rarrabe: a cikin abin da harshena ke ji, wanne ne aikin hof, wanne na tsiron sha'ir, wanne na ruwa, wanne kuma albarkacin sabunta ne kawai. Hanyar da na ga ta fi ita ce in noma hof da hannuna, in dafa tawa giyar da shi, in ajiye ta gefen tasu in ɗanɗana.

Na san mafi yawan masu jin harshenmu ba sa shan giya, addini ya hana su, kuma ina girmama hakan. Ni Kirista ne, na kuma tashi a unguwar da ake dafa burukutu. Wanda ba ya sha ma zai iya samun abin ƙaruwa a wajen noman, don shuka ce mai ban mamaki.

14 ga Afrilu

Na datse duk harben farko har ƙasa. Su ne masu kauri, masu rami a ciki, masu saurin tsawo, amma iska kaɗan take karya su kuma furensu bai taka kara ya karya ba. Na biyun da za su fito su ake so. Datsewar tana kuma rage fumfunar da ke kwana a tushe lokacin hunturu, wadda ita ce babbar abokiyar gabar hof a wannan kwari na Willamette da ke jihar Oregon, mai yawan ruwa.

Fumfunar nan ce ma ta haifar da Cascade. A farkon ƙarni na 20 Oregon ce kan gaba a noman hof a Amurka, har ana yi wa garin Independence, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya daga nan ba, kirari da babban birnin hof na duniya. Wajen 1930 cutar ta shigo ta yi ta cin gonaki, noman ya riƙa komawa kwarin Yakima a jihar Washington, inda ƙasa ke bushe ana ban ruwa. Har yau Yakima ce ke fitar da kusan kashi uku cikin huɗu na hof ɗin Amurka. Masu binciken ma'aikatar gona da ke aiki a Jami'ar Jihar Oregon, a nan Corvallis, suka tashi neman iri mai jure cutar. A 1956 suka samu wani tsiro daga jinin Fuggle na Ingila, suka ba shi lamba 56013, sai a 1972 aka sake shi ga manoma da sunan duwatsun Cascade da ke gabas da mu. Abin da aka nema shi ne mai maye gurbin hof ɗin Turai mai sanyin ƙamshi. Abin da aka samu kuwa ƙamshin fure ne da na ɓawon garehul, wani babban lemu mai ɗaci, mai ƙarfin da manyan kamfanoni ba su san yadda za su yi da shi ba. Ƙananan masu dafawa ne suka gane darajarsa: Anchor na San Francisco a giyarsu Liberty Ale a 1975, sannan Ken Grossman da Paul Camusi da suka kafa Sierra Nevada a 1980.

Duk lokacin da na tuna cewa a 'yan kilomitoci daga lambuna aka fara renon wannan iri, sai in ƙara jin nauyin kula da shi.

12 ga Mayu

Na ɗaura igiyoyin ɓawon kwakwa daga ƙasa zuwa bakin rufin ɗaki, tsayin mita biyar. A gonakin kasuwa waya takan kai mita biyar da rabi. Igiya biyu ga kowane tushe, reshe uku a kowace igiya, sauran na cire. Nannaɗewar dole ta bi hannun agogo. In ka juya shi ta ɗaya gefen, da kansa zai warware ya faɗo. Ba shi da 'yan hannaye irin na inabi, da ƙananan ƙayoyin jikinsa yake kama igiya, kuma ƙayoyin suna karce fata sosai. Riga mai dogon hannu ta zama tilas.

Na zuba takin gargajiya na kewaye tushen da ciyawa busasshiya.

9 ga Yuni

Yau ranar horar da harshe ce. Celebration ba ta kasuwa sai kaka, don haka na ɗauko yayarta, Pale Ale ta kamfanin, wadda ƙarfinta kashi 5.6 ne cikin ɗari, ɗacinta kuma 38 a ma'aunin ɗaci na IBU. Ita Cascade ce ke jan ragamarta, saboda haka ita ce makarantar da ta dace.

Tsarin da na ɗaura wa kaina, wanda zan bi har ƙarshen aikin: kwalba ɗaya tak, ba da yunwa ba kuma ba bayan cin yaji ba. In fito da ita daga firiji ta huta kamar minti goma sha biyar, don sanyi mai tsanani yana kulle ƙamshi; wajen digiri 8 zuwa 10 take buɗewa. Tambulan mai tsukakken baki, wankakke tas, domin ɗigon maiƙo ko sabulu yana kashe kumfa. In zuba har kumfa ta kai faɗin yatsu biyu. In shinshina kafin in kurɓa, gajere-gajere, ba dogon numfashi ba. In kurɓa in haɗiye, sannan in fitar da numfashi ta hanci baki a rufe. A nan ne rabin ɗanɗanon yake ɓoye, kuma shekaru na yi ina sha ban san da wannan ƙofa ba.

Abin da na rubuta: ɓawon garehul a gaba, ƙaron itacen fayin a bayansa, ɗan fure. A baki zaƙin tsiro ne ke fara sallama, mai kama da ɓawon burodi, sannan ɗaci ya biyo ya share shi. Ɗacin nan shi ne abin da mutane da yawa ke gudu, ni kuma shi nake nema. Irin na goro ne: ya fara da tsuke baki, in ka yi haƙuri sai ka ji bakin ya wanku, abin da ya biyo baya ya ƙara daɗi.

Na kuma yi wani ɗan gwaji. Na zuba kaɗan a wani tambulan na ajiye a rana na minti goma. Wari ya tashi, mai kama da na roba da aka ƙona. Haske ne ke farfasa sinadarin ɗacin hof ya haɗa shi da sulfa, kuma hancin mutum na kama wannan wari ko da ƙanƙani ne ƙwarai. Abin da ya sa ake zuba irin wannan giya a kwalba mai ruwan ƙasa ko a gwangwani ke nan.

23 ga Yuni

Rassan sun taɓa rufi. A makonnin nan akwai ranar da na sa alama da safe, washegari na tarar an wuce ta da fiye da taƙi guda. A lokacin ganiyarsa hof kan yi santimita 30 a yini.

Tsawon rana ne ke tuƙa shi. A nan muna wajen digiri 44 arewa, yinin tsakiyar Yuni ya haura awa 15. Muddin yini na ƙaruwa, tsawo yake yi. Da ya fara raguwa sai ya juya ga fure. Shi ya sa gonakin hof na duniya suke tsakanin digiri 35 da 55: Hallertau a Jamus, Žatec a ƙasar Cek, Kent a Ingila, Yakima, da Nelson a New Zealand ta can kudu. A Kano yini mafi tsawo bai cika awa 13 ba, ga shi babu hunturun da zai sa tushen ya yi barci, don haka shukar za ta yi fure tun tana gajeriya, amfanin ya zama kaɗan. Burukutun da na sani tun ina yaro ba ta da hof ko kaɗan. Dawa ce ake jiƙawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa, tsaminta ne ke riƙe ta, kuma kwana kaɗan take yi kafin ta juya. Hof kuwa, ban da ɗanɗano, yana hana ƙwayoyin da ke tsamar da giya yaɗuwa, wanda shi ne asalin abin da ya sa Turawa suka rungume shi tun ƙarnoni da suka wuce.

10 ga Yuli

Zafin makon nan ya wuce misali, kwanaki a jere ana haura digiri 38. Ina ban ruwa da asuba, a gindi kawai, ban jiƙa ganye. Ganyen ƙasa sun fara ɗigo-ɗigon rawaya, da na juya bayansu na ga saƙa siririya: ƙananan ƙwarin nan ne masu kama da gizo-gizo, waɗanda zafi da ƙura ke haifarwa. Na tsige ganyen ƙasa har tsayin gwiwa, na wanke bayan sauran da ruwa mai ƙarfi da sassafe. Ba zan fesa magani ba, tunda furen ba a wanke shi kafin ya shiga tukunya. Darɓa ma ta leƙo, amma jajayen ƙwarin nan masu ɗigon baƙi a baya sun riga ni zuwa wurinta.

4 ga Agusta

Rassan gefe sun cika da 'yan tuntaye masu gashi, wasu har sun fara zama kunshin fure mai ɓawo bisa ɓawo. Macen shuka ce kaɗai ke yin wannan, kuma manoma ba sa barin namiji kusa don kada furen ya yi iri.

Na tsaga ɗaya da farce. A gindin kowane ɓawo akwai gari rawaya mai danƙo, lufulin. Duk abin da ake wahala dominsa yana cikin garin nan: ƙaron da ke ba da ɗaci, da man da ke ba da ƙamshi. Yanzu launinsa bai nuna ba, ƙamshin kuma na ɗanyar ciyawa ne. Da saura.

1 ga Satumba

Uwargida ta fito ta same ni ina murza fure a tafin hannu, ta ce, "Maigida, ai tun daga ƙofar kicin nake jin ƙamshin nan, ko lokaci ya yi?" Na ce mata saura kaɗan. Alamomin da nake dubawa: furen ya yi sauƙi a hannu, ya yi ƙara kamar takarda in an matsa, ya koma yadda yake in an saki, bakin ɓawon ya fara ruwan ƙasa, garin ciki ya zama rawaya mai duhu. Na sama, masu shan rana, sun kai. Na ƙasa suna bukatar mako guda. In aka yi gaggawa a sami ciyawa, in aka makara ƙamshin ya juya ya koma na albasa da tafarnuwa.

8 ga Satumba

Girbi da dahuwa a rana ɗaya. Wannan ita ce ranar da duk aikin shekara ya dogara a kanta, don haka zan rubuta ta dalla-dalla.

Da hantsi, bayan raɓa ta bushe, na yanke igiyoyin daga sama na shimfiɗa su a kan tebur. Tsinkar ta ɗauki mu biyu kusan awa uku, hannuwanmu suka yi baƙi da danƙo. Sikeli ya nuna kilo 2.3 ɗanye. Kusan kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari na wannan nauyi ruwa ne, shi ya sa ɗanyen hof ba ya jira: in ya kwana a tare sai ya ɗau zafi ya fara ruɓa. Na ware giram 450 don tukunyar yau, sauran na baza a kan ragar taga a gareji, cikin duhu, fanka na kaɗa su.

Lita 19 na nufa. Tsiron sha'ir fari kilo 5.7, da gasasshe mai zaƙin karamel giram 450, wanda shi ne zai ba da jan launin nan na Celebration. Na jiƙa su a ruwa mai zafin digiri 66 na awa ɗaya. A wannan zafi sinadaran da ke cikin tsiron suke mayar da sitaci sukari. In ka haura zuwa 69 giyar ta yi kauri da zaƙi, in ka sauka zuwa 63 ta yi siririya. Duk wanda ya taɓa ganin yadda tsiron dawa ke tsinka kunu ya zaƙaƙa shi ya san wannan aiki, hatsin ne kawai ya bambanta.

Ruwan garin nan ba shi da gishirin ƙasa sosai, don haka na ƙara jifsam, wani farin gishirin ƙasa, giram 6. Wannan dabara daga Burton-on-Trent ta Ingila ta samo asali. Ruwan rijiyoyinsu cike yake da jifsam, shi ya sa giyarsu mai hof, wadda ake lodawa a jirgin ruwa zuwa Indiya a ƙarni na 19, ta yi suna da ɗaci mai kaifi, mara nauyi a harshe. Daga wannan ciniki sunan IPA, wato India Pale Ale, ya fito, sunan da ake kiran giya mai yawan hof irin Celebration.

Wurin sa hof shi ne inda hankali ke aiki. Ƙaron ɗaci ba ya narkewa sai ya daɗe yana tafasa, zafi ya sauya masa siffa. Man ƙamshi kuwa tafasa ce ke kore shi, cikin mintuna ya bi tururi. Abu ɗaya ne, amma abin da kake so daga gare shi ne ke faɗa maka lokacin da za ka jefa shi. Don ɗaci na yi amfani da wani irin hof mai suna Centennial, na saye, giram 40, tun farkon tafasar awa ɗaya, saboda an rubuta ƙarfinsa a jikin leda, nawa kuwa ba wanda ya auna. Cascade kan kasance tsakanin kashi 4.5 da 7 na ƙaron ɗaci, tazarar da ta isa ta ɓata lissafi. Nawa na lambu na raba biyu: rabi saura minti goma, rabi bayan na kashe wuta, na rufe na bar shi minti ashirin.

Ƙamshin da ya tashi a lokacin ban taɓa jin irinsa daga busasshen hof ba. Garehul na nan, amma akwai wani kore-kore a tare da shi, mai laushi, kamar na kankana da ba ta gama nuna ba.

Na sanyaya da sauri zuwa digiri 18, na juye a bokitin tsimi, na zuba yis, ƙwayoyin da ke cin sukari su mayar da shi giya, irin wanda masu dafawa a gida ke kira na Chico, wanda ba ya cusa nasa ƙamshin, yana barin hof ya yi magana. Ma'aunin nauyin ruwa, mai nuna yawan sukarin da ke ciki, ya nuna 1.062. Dafaffen hof ɗin na ɗaure a leda na kai shara nan take, don guba ne ga karnuka, maƙwabcinmu kuma yana da biyu.

Dafa giya a gida halal ne a dokar ƙasar nan tun da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a 1978, ta fara aiki a 1979. Yawancin ƙananan kamfanonin da suka canza giyar Amurka daga irin wannan tukunya ta gareji suka taso, har da Grossman, wanda ya yi shagon sayar da kayan dafawa a Chico kafin ya kafa kamfani.

12 ga Satumba

Hof ɗin raga ya bushe: ƙashin tsakiyar furen yana karyewa maimakon lanƙwasa. Kilo 1.85 ya koma giram 430. Na matse su a leda na zuƙe iska, na jefa a firiza. Bokiti na ta ɓulɓula a digiri 18.

17 ga Satumba

Tsimi ya lafa. Na zuba busasshen hof giram 60 kai tsaye cikin giyar, a sanyi, don man ƙamshi ya shiga ba tare da wuta ta taɓa shi ba. Na buɗe murfin na rufe cikin gaggawa. Daga yanzu iska ce abokiyar gaba.

29 ga Satumba

Na ɗura a kwalabe. Na jinkirta da gangan, domin furen hof na ɗauke da sinadaran da ke farfasa ragowar sitaci su ba yis sabon abinci, sai tsimi ya sake tashi a ɓoye. Masu bincike a jami'ar garin nan sun yi aiki a kan wannan. In ka yi saurin rufewa, iskar ta taru a kwalba fiye da kima. Na jira har ma'auni ya tsaya a 1.013 bai motsa ba, wato ƙarfinta wajen kashi 6.4. Na narka sukari giram 115 na gauraya, yis zai ci shi a cikin kwalba ya ba da kumfa. Haka Sierra Nevada ma ke yi wa Pale Ale ɗinsu ta kwalba.

13 ga Oktoba

Abokina ɗan Zariya, wanda ke karatu a jami'a, ya kawo mana ziyara. Musulmi ne, ba ya sha, amma tun bazara yake tambayar labarin shukar. Na jiƙa busasshen fure giram 5 a ruwan sanyi lita ɗaya, na matsa lemun tsami kaɗan, ya kwana a firiji, na tace na haɗa da ruwan soda. Babu tsiro, babu yis, babu tsimi, ruwa ne da fure. Ya shinshina ya daɗe kafin ya kurɓa, sannan ya ce, "Yallaɓai, ashe wannan kake ta wahala a kai. Wallahi ƙamshin ya kai a yi masa wahala." Na ce, "Malam, ai kai ka ji shi tsantsarsa, ba abin da ya rufe shi." Ni ma na ƙaru da wannan ruwa, domin a cikinsa na fara jin furen lambuna shi kaɗai, na san fuskarsa kafin in neme shi a cikin giya.

3 ga Nuwamba

Celebration ta bana ta iso shaguna, da jan tambarinta mai hoton bukka cikin dusar ƙanƙara. Na duba ranar ɗurawa a jikinta kafin in saya, wanda shi ne abu na farko da ya kamata mai son hof ya koya. Tambulan biyu iri ɗaya, uwargida ta zuba ba tare da na gani ba.

Ido ma ya raba su. Ɗaya ja ce garau kamar tagulla, kumfarta mai kauri tana barin zane a jikin gilashi. Ɗayar ta fi haske, da ɗan hazo. Na san tawa ce mai hazon.

A hanci tawa ta ba ni mamaki. Ƙamshinta ya fi tashi, garehul da fure da koren nan na ranar girbi, mai taushi. Tasu ta fi zurfi: ƙaron fayin ya fi yawa, ɓawon lemu mai ɗaci, da wani abu kamar gasasshen sukari a ƙasa yana riƙe da su duka. Su da sabon busasshen fure suke aiki, irin su Cascade da Centennial, ba ɗanye ba, kuma yanzu na gane bambancin da bushewa ke kawowa: tana ɗauke kore-koren, ta tattara sauran wuri ɗaya.

A baki ne tasu ta nuna shekarunta. Ƙarfinta kashi 6.8, ɗacinta 65, amma ba ta faɗa wa harshe da duka. Zaƙin tsiro ya fara shimfiɗa, ɗaci ya hau kansa a hankali, ya kai ƙololuwa bayan an haɗiye, ya zauna a bayan harshe tsaf ba tare da kaushi ba, har ka ji kana son kurɓa ta gaba. Tawa ta fara da kyau, tsakiyarta kuwa rami ne: ƙamshi ya wuce, sai ɗan shiru, sannan ɗaci ya zo shi kaɗai, gajere, da ɗan kaushin ganye a ƙarshe.

Wannan ramin ya koya mini abin da na fito nema. Da ina ɗauka hof nake so a Celebration. Ashe abin da ke riƙe ni shi ne yadda tsiron sha'ir ke ɗauke da hof ɗin, kamar yadda ya auna nauyinsa daidai. Hof mai kyau ina da shi, har ya fi nasu tashi a hanci, amma bai samu abin da zai tsaya a kai ba.

A nan ne kuma na rabu da yayin da ake yi yanzu na IPA mai hazo, irin wadda ta taso daga Vermont, mai ƙamshin mangwaro da abarba daga sababbin iri kamar Citra, ɗacinta a ɓoye. Na sha masu kyau a cikinsu, kuma na san gwaninta ce ke fitar da su. Amma tambulan ɗaya ya ishe ni, zaƙin yakan gundure ni. Giyar da ke da ɗaci a fili, wanda aka gina masa gindi, ita ce tawa.

8 ga Disamba

Na sake buɗe tawa, wata biyu da 'yan kwanaki bayan ɗurawa. Koren ƙamshin ya tafi gaba ɗaya, garehul ya ragu da rabi, launin ya ɗan yi duhu, wani zaƙi mai kama da na zuma ya fara fitowa. Aikin iskar da ta shiga lokacin ɗurawa ne. Kwalaben da suka zauna a firiji sun fi na kabad riƙe kansu nesa ba kusa ba. Celebration da na saya a Nuwamba ita ma ta ɗan sauka, sai dai a hankali, domin injinan kamfani na korar iska fiye da yadda tiyo da bokiti za su iya. Irin wannan giya ba ta ajiya ba ce. Sauran kwalaben na mayar da su firiji duka, za mu raba da maƙwabta kafin Kirsimeti.

A lambu na yanke busassun rassa, na bar taƙi guda a kan tushe, na rufe da ciyawa.

Akwai busasshen hof giram 365 a firiza, ya isa dahuwa biyu. Ta Janairu zan canza abu biyu kawai don in san abin da ya yi aiki: zafin jiƙo ya hau zuwa digiri 67, gasasshen tsiro ya tashi daga giram 450 zuwa 600. Hof ɗin ɗaci zan bar shi yadda yake. In ramin tsakiya ya cike, ta Fabrairu zan taɓa ɗacin, in raba Centennial kashi biyu, ɗaya a farkon tafasa ɗaya a minti talatin. Na kuma yi odar saiwar Centennial guda ɗaya da za ta iso a Maris, zan dasa ta a kusurwar yamma, nesa da Cascade da mita biyu don kada saiwoyinsu su cakuɗe.